Maganar Ɗan Sanda Ta Fi Sandarsa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so mu yi shawara a kan wani al'amari da ya auku a ƙasarmu, wanda kowa ya ji labarinsa, amma a ganina ba mu ɗebi darasin da ke cikinsa duka ba. Ran Talata 15 ga watan Oktoba 2024, da dare ya yi nisa, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta, ta faɗi a garin Majiya cikin ƙasar Taura, bisa hanyar Haɗejiya. Man ya tsiyaye ya bi magudanar ruwa, mutane suka fito suna kwasa. 'Yan sanda sun ce sun kange wurin, sun yi ta gargaɗi a ja da baya, amma taro ya fi ƙarfinsu. Ana cikin haka wuta ta tashi. Da gari ya waye aka ce mutum 94 sun mutu, waɗanda aka kai asibiti kuwa suka yi ta cikawa ɗaya bayan ɗaya. Sa'ad da kwamitin binciken da Gwamna Umar Namadi ya naɗa ya kawo rahotonsa, adadin mamata ya kai 209. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Tun daga ran nan an faɗi dalilai da yawa. Waɗansu sun ce laifin hanya ne, waɗansu sun ce na direba ne, waɗansu jahilci, waɗansu kuwa talauci. Ko wane ɗaya yana da gaskiyarsa. Amma akwai abu guda da ya tsaya mini a rai. A daren nan akwai masu kayan sarki tsaye a wurin, suna faɗin gaskiya tsantsa, wadda in da an bi ta da rayuka sun tsira, amma ba a ji su ba. Ƙaƙa aka yi mutum ya ga wanda hukuma ta sa domin tsaron ransa yana ce masa ya ja da baya, ya ɗauki maganar kamar iska? Wannan tambaya ita ta sa na ɗauki alƙalami. Abin da na ke gani shi ne, ƙarfin ɗan sanda yana ga maganarsa, sanda da bindiga 'yan rakiya ne kawai. Nauyin maganar nan kuwa ajiya ce wadda a kan tara kaɗan kaɗan cikin kwanakin lafiya, a caji ofis da bakin hanya da kasuwa, ranar bukata a ɗiba. Wanda bai yi ajiya ba, in ya sa hannu a rumbu ba abin da zai tarar.

Ku duba fa, 'yan'uwa. Mutum nawa ne a caji ofis na ƙaramin gari da tsakar dare? In taro na ɗaruruwa ya doso, me kulki zai yi? In kuwa an ce bindiga, wane mai hankali zai buga ta inda fetur ke malala a ƙasa? Ashe a irin wannan wuri ba abin da ya rage wa ɗan sanda sai bakinsa. In jama'a sun saba in ya faɗa musu abu su iske shi haka nan, mutum biyar sun isa su tsare gari. In kuwa sun saba ba ya ɗaga hannu sai yana neman wani abu, ko hamsin aka turo ba su isa ba. Turawan Ingila sun fahimci wannan tun 1829, sa'ad da Robert Peel ya kafa 'yan sandan birnin Landan. Mutanen birnin suna tsoron kada a kawo musu soja da wani suna, saboda haka aka sa wa 'yan sandan tufafi shuɗɗa dabam da ja irin na soja, aka ba su ɗan kulki, aka sake su cikin unguwanni suna yawo a ƙasa har a san su. Har yau galibin masu sintiri a Landan ba su ɗaukar bindiga. Suna da aibinsu su ma, amma tushen da aka gina su a kai shi ne yardar jama'a.

Na san wani zai ce, "Wannan magana ta mai ƙoshi ce, yunwa ba ta da kunne." Gaskiya ne, bai kuwa kamata mu da mu ke da rai mu zauna muna ɗora wa mamata laifi ba. Kafin a janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a watan da abin nan ya auku kuwa ta kai wajen naira 1,000. Ɗan acaɓa, ko manomin rani mai injin ban ruwa, in ya ga mai yana gudu a lambatu, abincin kwanaki ya gani yana wucewa. Ba kuma halin mutanen Majiya kaɗai ba ne, gama bayan wata uku, ran 18 ga Janairu 2025, irin wannan ta sake aukuwa a Dikko cikin Jihar Neja, mutum fiye da 80 suka halaka. Duk da haka a lura da abu guda. Mai jin yunwa ba ya cin abin da amintaccensa ya ce masa guba ne. Yunwa ta kan sa mutum kasada, amma kafin ya yi ya kan auna maganar mai gargaɗi. In zuciyarsa ta raya masa cewa ana korarsa ne domin waɗansu su kwashe su kaɗai, to, gargaɗi ya mutu tun bai fita daga bakin mai yinsa ba. Ba na rantsuwa cewa da an yarda da 'yan sanda da kowa ya ja da baya. Amma da ko rabi sun ji, gidaje nawa ke nan da ba su yi zaman makoki ba?

Wannan rashin yarda ba jiya ya fara ba, in muna son maganinsa sai mu bi shi har saiwa. Aikin 'yan sanda a ƙasar nan saiwa biyu gare shi. Ta fari daga bakin teku ta fito. A cikin 1861 Turawa suka kafa masu gadi mutum 30 a Ikko, bayan shekara biyu kuma wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su makamai. Dabarar ita ce a sa baƙo ya tsare mutanen da ba nasa ba, waɗanda ba ya jin kunyarsu. Daga irin waɗannan rundunoni aka sami 'yan sandan Kudu da na Arewa, waɗanda aka gama ran 1 ga Afrilu 1930 suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Runduna ce da aka ƙaga domin ta tsare mai mulki, idonta yana duban sama inda umarni ke fitowa. Mulkin kai ya zo a 1960, an sake tuta, an sake shugabanni, amma dokar 'yan sanda ta 1943 ita aka yi ta aiki da ita, ana 'yan gyare-gyare, har 2020.

Saiwa ta biyu tamu ce ta gida. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 sarakuna suna da dogarai masu kama mai laifi da kai sammaci. Turawa suka bar su, daga baya suka gyara tsarin. A 1925 aka kafa 'yan gadi a birnin Kano, bayan 'yan shekaru aka sami 'yan doka na En'e, shugabansu Wakilin Doka. A zamanin nan Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Jahun da Ringim duk gundumomi ne na ƙasar Kano, saboda haka 'yan dokan Kano su ne kakanninmu suka sani. Dattawa su kan yabe su da abu guda: ɗan doka ɗan ƙasa ne, yana aiki tare da hakimi da dagaci da mai unguwa, ɓarawo ba ya kwana biyu a gari ba a san da shi ba. Amma in ka zauna da dattawan nan da kyau za su faɗa maka ɗaya gefen. Bayan da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, 'yan doka da kotunan alƙalai suka zama bulalar da a ke horon 'ya'yanta da ita. Mutum ya kan kwana a gidan waƙafi don ya yi taro ba izini, ko don an ce ya zagi hakimi. Ado Bayero, wanda ya riƙe Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962 kafin ya zama Sarkin Kano a 1963, ana tunawa da shi domin ya yi ƙoƙarin rage tsare mutane bisa ga umarnin manya kawai. Da cutar ba ta yi yawa ba, da ba a yabi mai neman rage ta ba.

Wannan yana cikin abin da ya sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, tsarin mulki na 1999 kuma ya ce runduna guda ce ga ƙasa duka. Ko da aka yanki Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, Kwamishinan 'yan sandan da aka zaunar a cikinta Sufeto Janar ne shugabansa. Mun rabu da zaluncin na gida, amma tare da shi muka zubar da sanayya. A kan turo mutum daga nesa, kafin ya bambanta hanyar Kiyawa da ta Jahun, kafin ya san wane dagaci ne mai gaskiya, an ɗauke shi an kai wani wuri. A watan Fabrairu 2024 Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka zauna a Abuja, suka yarda a duba batun ko wace jiha ta yi 'yan sandanta. Ni ba na ƙin wannan, gama sanin gida babban jari ne. Amma tarihin 'yan doka ya ishe mu wa'azi. Azzalumi ɗan gari ya fi azzalumi baƙo ciwo, domin shi ya san inda ka ke ɗaure akuyarka. Ko wa ke biyan albashi, halin da a ke nuna wa talaka shi zai sa ya ji magana ko ya ƙi.

Bari mu sauko daga tarihi mu zo caji ofis, inda ajiyar nan ta kan taru ko ta tsiyaye. A ce wani manomi ne na ƙasar Kiyawa, ya yi shekara yana kiwon sa, yana nufin ya kai shi kasuwa, dare ɗaya aka kwance. Ya tafi kai ƙara. In aka ce sai ya sayi takarda, sai ya zuba wa mota mai, sai ya ba da na goro kafin a tashi, to, an ci shi sau biyu ke nan. In an kama wanda a ke tuhuma, da yamma ya gan shi yana shan shayi a tasha, ba wanda ya yi masa bayanin ko beli aka ba shi ko sakinsa aka yi, me zai ɗauka? A ce kuma maƙwabcinsa ne aka zo neman ɗansa ba a samu ba, aka tafi da tsohon a maimakonsa, aka ce ba ya fita sai an kawo kuɗi, alhali ga rubutu a bango cewa beli kyauta ne. Mutanen nan biyu za su koma gida su ba da labari a majalisa, yara suna ji. Haka kuma ko wace naira ɗari da direba ya miƙa ta taga a shingen hanya, yaran da ke cikin motar sun gani, sun kuwa koyi cewa hannun ɗan sanda in ya ɗagu kuɗi ya ke nema. Ranar da hannun nan zai ɗagu domin ceton ransu, da wane ido za su dube shi?

Abin takaici, duk waɗannan doka ta hana su ƙarara, talaka ne bai sani ba. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama, in ba a kan babban laifi irin na kisa ba, a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, watau wajen mil 25, in babu, cikin kwana biyu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da dukan wanda a ke tuhuma domin ya amsa laifi abin hukunci a kan mai dukan. Sabuwar dokar 'yan sanda, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba 2020, ta ce a faɗa wa mutum dalilin kama shi, a sanar da shi yana da ikon ya yi shiru har ya ga lauya, a gaya wa danginsa inda ya ke ba a karɓi ko kwabo ba. Ta hana a kama wani a maimakon wani. Ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki, gama wannan aikin alƙali ne. Ta kuma sa majistare ya riƙa kewaya wuraren tsare mutane ko wane wata. Dokoki ne masu kyau, amma doka a littafi kamar iri ta ke a rumbu, ba ta tsiro sai an kai ta gona.

Kafin abin Majiya da wata biyu da rabi mun riga mun ga alama. Ran 1 ga Agusta 2024 samari suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a garuruwa da yawa na ƙasar nan. A Dutse abin ya rikiɗe ya zama ɓarna, aka sa wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta, har Gwamna ya sa dokar hana fita dare da rana. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe mutum 24 ko fiye a jihohi shida, Jigawa tana ciki, ta ɗora laifin a kan 'yan sanda, su kuwa suka musa. Yanke hukunci a kan wannan aikin alƙali ne. Abin lura shi ne yadda al'amuran nan biyu suka yi kama. A Agusta ɗan sanda ya yi magana ba a ji ba, aka koma ga barkonon tsohuwa da kame-kame. A Oktoba ya yi magana ba a ji ba, ba kuwa makamin da zai yi amfani. Jigawa tana cikin jihohin da a ke yabo da zaman lafiya a Arewa, mun gode wa Allah. Amma shiru dabam, yarda dabam, garwashin da toka ta rufe kuwa shi ya fi ƙona ƙafa.

Yanzu adalci ya wajaba, gama wanda ya ji ƙarar gefe guda bai isa alƙali ba. Ɗan sanda ɗanmu ne. Jihar nan ta haifi Sufeto Janar har biyu, Hafiz Ringim wanda ya riƙe daga 2010 zuwa 2012, da Sulaiman Abba mutumin Gwaram daga 2014 zuwa 2015. Babbar makarantar horon hafsoshinsu tana nan Wudil, bisa hanyarmu ta zuwa Kano. Waɗansu cikinmu 'ya'yan kofur ne ko saje, sun san yadda zaman bariki ya ke, ɗaki guda da iyali duka. Adadin 'yan sandan ƙasar nan da hukuma ta riƙa faɗa a shekarun nan bai kai 400,000 ba, mutane kuwa sun haura miliyan 200, cikin 'yan kaɗan ɗin nan ma an daɗe ana ɗibar da yawa a kai su gadin manya. In an ba caji ofis mota ba a ba shi kuɗin mai ba, wa a ke nufi ya saya? Wanda ya aiki yaro kasuwa bai ba shi kuɗi ba, ya san abin da ya aike shi yi. Kada kuma mu manta, sa'ad da mu ke barci akwai wanda ke tsaye a bakin hanya cikin hunturu, in 'yan fashi sun zo shi za su fara harbi. Masu gaskiya suna da yawa cikinsu, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Mu kuma fa? Wa ke miƙa naira ɗarin nan? Direban da ya san takardunsa ba su cika ba, ya ɗora mutum goma a motar mutum biyar, shi ke gaggawar miƙawa tun ba a tambaye shi ba. Wa ke kai wa Di-Fi-O ƙarar bashi domin a kulle masa abokin ciniki ya ji tsoro? Wa ke zuwa da dare da babbar riga yana roƙon a saki ɗan wane, alhali ya san ya aikata? Mu ne. In an yi ɓarna a unguwa kowa ya sani, ran shaida kowa ya ce ba ya nan. In an yi ihun ɓarawon babur a kasuwa sai a rufe mutum da duka har ya mutu, a ce in an kai shi caji ofis sakinsa za a yi, in kuwa daga baya ta bayyana bai ji ba bai gani ba, ba mai iya komo da shi. Muna son doka ta yi ƙarfi a kan ɗan wani, ta yi laushi a kan namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To, ina mafita? Ba sabon abu za a ƙago ba. Tun 1984 akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, dokar 2020 ma ta tanadi kwamitocin da za su sa mutanen gari cikin aikin tsaro. Abin da ya rage shi ne su zama na talakawa. Kwamitin da ba kowa cikinsa sai attajirai masu son a san su a caji ofis ba zai kai kukan ɗan acaɓa ba. A sa shugaban direbobi, da sarkin kasuwa, da arɗo, da liman, da malamar makaranta, da wakilin samari. Di-Fi-O ya riƙa fita wata wata ya zauna a ƙofar hakimi a bainar jama'a, ya faɗi ƙara nawa aka kawo, nawa aka kai kotu, ya saurari abin da za a faɗa masa ko da ɗaci. Wanda ya kawo ƙara a ba shi takarda mai lamba, a riƙa gaya masa inda maganarsa ta kwana. In an hori ɗan sanda mai laifi a sanar da garin da ya yi laifin, gama horon ɓoye ba ya wanke zuciyar wanda aka cuta. Gwamnati kuma ta ba ko wane caji ofis kuɗin aikinsa, ta bar mutum ya daɗe a wuri har ya san mutane. Masarautar Dutse da ta Ringim suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni har lungu. Tsani ne wanda 'yan doka suka hau a da, ba kuwa abin da ya hana a hau shi yau, in dai doka ce a bisa kowa.

Saura namu, mu da za mu fita mu riƙe aji. Ɗan sandan da zai tsaya a shinge nan da shekara goma sha biyar, yau yana zaune a benci a wata firamare ta Miga ko Buji, wanda zai miƙa masa kuɗi ko ya ƙi kuwa yana zaune kusa da shi. Duka biyu ta hannunmu za su bi. Mu koya musu haƙƙinsu da Hausa sarai, cewa beli kyauta ne, ba a kama uba don ɗa. Mu koya musu abin da ke kansu, watau faɗin gaskiya in an kira su shaida, da barin hukunci ga mai hukunci. Mu koya musu abin da fetur ya ke, cewa tururinsa ke kama wuta, yana bin ƙasa ya yi nisa, ƙyastu ɗaya ya ishe shi, tanka in ta faɗi gudu a ke yi daga gare ta. Mu gayyaci ɗan sanda ya shigo aji ba bindiga yara su yi masa tambaya, domin kada ganinsu na fari da shi ya zama ran da ya zo kama wani. Mafi girma duka, mu dubi yadda mu ke riƙe da namu ikon. Malami shi ne hukuma ta fari da yaro ke gani. In ya ga malam yana dukan wanda bai yi laifi ba, yana ɗaga wa ɗan mai kuɗi ƙafa, yana karɓar abu kafin ya ba da sakamako, to, mun riga mun koya masa yadda a ke riƙe iko, ko ya zama ɗan sanda ko mai kai ƙara. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Cikinku akwai waɗanda suka tashi a bariki, da malamanmu waɗanda suka ga zamanin da ba mu gani ba. In akwai mai ganin wata hanya, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya ba masu tsaronmu riƙon amana, mu kuma ya ba mu kunnen jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito.